Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitoci da nas-nas masu duba masu cutar Parkinson

Assalamu alaikum likitocinmu, nas-nas, masu ba da magani a famasi da ƴan fisiyo masu gyaran gaɓoɓi da atisaye, ranku ya daɗe, Allah ya ƙara muku lafiya da haƙuri da mu. Ni ba ma'aikaciyar lafiya bace, ƴar mara lafiya ce kawai, mahaifina ne ke fama da cutar Parkinson wacce wasu ke cewa cutar makyarkyata, kuma ni ce mai riƙe da katinsa da ledar maganinsa. Akwai hukuncin da wasunku ke saurin yankewa in mara lafiya ya dawo jiki ya ƙara rikicewa, sai kaji ance ai baya kula da kansa, baya shan magani akan lokaci, an ce ya dinga motsa jiki yaƙi, shikenan a rubuta a fayil a kira na gaba. A kan wannan hukuncin nake son mu ɗan yi magana, dan Allah kuyi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Akwai wata mata a ƙasar Suwidin, Sara Riggare, mai bincike ce kuma ita ma tana da cutar, ta taɓa yin wani lissafi da ya zagaya duniya. Tace tana ganin likitanta na ƙwaƙwalwa sau biyu a shekara, kusan rabin awa kowane zuwa, wato awa 1 kenan a shekara, sauran awa 8,765 kuwa ita kaɗai ce da cutarta. Toh kunga ashe kusan duk jinyar a gida ake yinta, a hannun mara lafiyan da wanda ke kusa da shi. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Inda nake da ja shine yadda ake ɗauka kaman kula da kai abu ne na niyya kawai, wanda ya so zai yi wanda bai yi ba malalaci ne. Ba haka bane wallahi, akwai abubuwan da ke sa mutum ya iya ko ya kasa, kuma da yawa daga cikinsu a cikin wannan awa ɗayar taku ake shuka su.

Ku kun fi ni sanin cewa cutar tana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, kuma kafin hannu ya fara rawa an riga an yi asarar kaso mai yawa na waɗannan ƙwayoyin. Amma abin da ba a cika faɗa mana ba shine dofamin ɗin nan ba na motsin gaɓoɓi kaɗai bane, shine kuma ke sa mutum yaji kuzarin tashi ya fara abu, yaji daɗin abin in ya gama. To ya za ai kace wa mutum ka dage, alhali sinadarin dagewar ne cutar ke cinyewa? Bincike ya nuna kusan mutum 4 cikin 10 na masu cutar suna fama da mutuwar zuciya, wato rashin damuwa da komai, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku suna da ciwon damuwa. Mutuwar zuciyar nan daban take da baƙin ciki, mutum ba kuka yake ba, ba ya ce rayuwa ta ishe shi, kawai zai zauna tun safe har rana ta faɗi, ruwa na gefensa bai sha ba, in ka tambaye shi yace lafiya lau. Mu a gida in ba a yi mana bayani ba sai mu ɗauka taurin kai ne ko ya sallama, a fara faɗa, ran kowa ya ɓaci. Minti biyu ya isa likita yace mana wannan ma cutar ce, kar ku jira shi ya fara, ku ku fara masa, ku sa abin ya zama na kullum a lokaci ɗaya, in ya shiga ciki zai iya ci gaba. Ciwon damuwar kuma ana maganinsa, amma sai an tambaya za a gano, dan babu mara lafiyan da zai shigo ofis da kansa yace ina da shi.

Ranar da aka fara faɗa wa mutum sunan cutar ma tana da nata tasirin. Da yawa ana gaya musu ne a tsaye tsaye, cuta ce da bata warkewa, ga magani, ka dawo bayan wata kaza. Mutum ya fita da kalma ɗaya a kansa, bata warkewa, sauran duk bai ji ba. Ya koma gida ya hau intanet yaga hotunan waɗanda cutar ta kai ƙarshe da su ya yanke ƙauna, alhali akwai masu yin shekaru 15, 20 da ita suna harkokinsu. Sannan ba a faɗa masa cewa taurin bayan gida, jiri in ya miƙe tsaye saboda faɗuwar hawan jini, rashin jin ƙamshi, ihu da naushi cikin barci, yawan fitsarin dare, ƙanƙancewar rubutu, dalalar miyau, duk ƴan gida ɗaya ne da rawar hannun. Shi kansa James Parkinson, likitan Landan da ya fara bayanin cutar a 1817, ya ambaci taurin ciki da dalalar miyau da matsalar barci a rubutunsa, duk da dai yayi zaton hankali da tunani basa taɓuwa, wanda daga baya aka gane ba haka bane. Shekara sama da 200 kenan, amma har yau mara lafiya zai je wajen wannan likitan saboda ciki, wancan saboda fitsari, wani saboda jiri, kowa ya ƙara masa ƙwaya, babu wanda ya haɗa masa su wuri ɗaya. Mutum baya iya kula da abin da bai san yana cikin cutarsa ba.

Sai maganar magani, nan kam zan ɗan daɗe. Lebodofa, wanda muke saye da sunan Sinemet ko Madopar, tun ƙarshen shekarun 1960 shine babban maganin cutar kuma har yau ba a samu wanda ya fi shi ba. Amma baya daɗewa a jini, cikin kaman minti 90 rabinsa ya tafi. A shekarun farko ƙwaƙwalwa tana iya ɗan adana shi shi yasa ko an makara ba a gani, daga baya kuwa sai jiki ya koma bin agogo, magani ya kama mutum ya tashi yayi wanka ya sa maɓallin rigarsa da kansa, magani ya sake shi ya sandare a bakin ƙofa ƙafa ta liƙe da ƙasa. Mu a gida haka muke cewa, ya kama, ya saki. To a irin wannan yanayin rubuta "sau uku a rana" a jikin leda bai wadatar ba sam. Wani zai sha da safe, da rana in ya tuna, da dare kafin ya kwanta, tazarar farko awa 5 ta biyu awa 9, sannan a ce maganin baya aiki a ƙara masa yawa, ƙarin kuma ya kawo wannan murɗe murɗen jikin da mutum baya iya tsayarwa. Dan Allah ku dinga rubuta ƙarfe nawa, da manyan lambobi, bayan kun tambayi mutum yaushe yake tashi yaushe yake cin abinci yaushe yake kwanciya.

Kuma ku faɗa mana abubuwan da ke tare maganin a hanya. Abinci mai yawan furotin irin nama, ƙwai, madara da wake yana gasa da lebodofa wajen shiga jini da shiga ƙwaƙwalwa, shi yasa ake son wasu su sha shi kaman rabin awa kafin abinci ko awa ɗaya bayansa. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe tana riƙe shi a hanji in aka sha su tare. Cikin da ya cushe kwana da kwanaki shima yana jinkirta shi. Waɗannan ba wani ilimi mai zurfi bane, amma iyalai da yawa a bakin wasu marasa lafiya suke jinsu a layin jira, ba a bakin wanda ya rubuta maganin ba. Masu famasi kuma ku duba hannun wanda kuke miƙa wa maganin mana, mutumin da yatsunsa ke rawa an bashi ƙwaya ƴar mitsitsiya a cikin katin leda mai tauri an ce ya raba ta biyu, ta faɗi ƙasa ta shige ƙarƙashin kujera, shi kuma sunkuyawa ma haɗari ce gare shi. Ɗan akwatin magani mai gida gida na kwanakin mako da ƙararrawar waya suna rage rabin wahalar, amma sai wani ya nuna kuma ya saita masa.

Wani abu kuma, yawanci kuna ganinsa ne a lokacin da ya fi kyau, dan kowa yana shan maganinsa ya shirya kafin ya zo asibiti, ga kuma ɗan ƙarfin halin da mutum ke yi a gaban likita. Ku ce ya taka, ya taka tsaf, ku rubuta da sauƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In munzo da takardar da muka rubuta lokutan kamawa da sakewa, ko ɗan bidiyon da muka ɗauka a waya ƙarfe 4 na asuba yana ƙoƙarin juyawa a gado ya kasa, dan Allah ku kalla ko na minti ɗaya ne. Duk wanda ya kawo irin wannan aka ture gefe ba a duba ba, to ba zai sake rubutawa ba, kuma daga nan ne kula da kan ke fara mutuwa.

Abin da ya fi ban takaici shine ranar da aka kwantar da mai Parkinson a asibiti saboda wani ciwon daban, karaya ko ciwon huhu ko tiyata. Mutumin da ya shekara yana shan maganinsa kan minti, a karɓe ledar a kulle a ce sai lokacin zagayen magani na ɗaki, ko a ce kar ya ci kar ya sha komai saboda tiyata a haɗa har da lebodofa. Cikin kwana ɗaya biyu ya sandare, haɗiya ta gagara, ya rikice, wani ma zazzaɓi mai zafi da taurin jiki su taso wanda zai iya kisa, dan tsayar da maganin nan farat ɗaya haɗari ne babba. In yayi amai a bashi Plasil ko Stemetil, in ya rikice da dare a bashi Haldol, kuma duk ukun suna toshe dofamin ne, wato ƙara masa cutar suke. A Ingila hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta sa a ƙa'idojinta na 2018 cewa mai Parkinson da ke kwance a asibiti ko gidan kula da tsofaffi ya samu lebodofa cikin minti 30 na lokacin da aka tsara masa shi kansa, ƙungiyar Parkinson's UK kuma ta daɗe tana gangami akan haka. Ko ina ne ana iya yin wannan, ba na'ura yake buƙata ba. Wanda hankalinsa ke daidai a bar masa maganinsa a gefen gado, wanda baya iya haɗiya a nemo wata hanyar tun kafin lokaci ya wuce, akwai wani maganin Parkinson na liƙawa a fata.

Akwai kuma maganar da kunya ke hana fitowa. Magungunan nan masu kwaikwayon dofamin irin Mirapex da Requip suna iya sa mutum ya faɗa caca, ko sayen kaya ba kai ba gindi, ko cin abinci ba ƙoshi, ko sha'awa ta wuce misali. Wani babban bincike da aka buga a 2010 akan marasa lafiya sama da 3,000 a Amurka da Kanada ya samu irin wannan a kusan kashi 17 cikin ɗari na masu shan waɗannan magungunan, waɗanda basa sha kuwa kusan kashi 7. Dattijon da aka sani da kamun kai duk rayuwarsa ba zai taɓa buɗe baki ya faɗa muku ba, matarsa ma ba zata faɗa ba dan bata san daga ƙwaya bane, gani take halinsa ne ya canza. Ku gargaɗe su tun ranar da kuka rubuta, su biyun tare, kuma ku dinga tambaya kai tsaye duk zuwa.

Motsa jiki kuwa kowa ya yarda da amfaninsa, an gwada an gani. Binciken da aka buga a 2012 ya nuna atisayen taici na ƙasar Sin yana gyara tsayuwa yana rage faɗuwa, wani da aka yi a Holan aka buga a 2019 ya nuna tuƙa keken motsa jiki a cikin gida yana rage tsanantar alamomin. Amma "ka dinga motsa jiki" ba umarni bane da mutum zai iya bi. Wane iri, minti nawa, da wa, in na faɗi fa? Wanda ya taɓa faɗuwa a banɗaki tsoro ne ke zaunar da shi, zaman kuma ya ƙara raunana ƙafafun, ya sake faɗuwa. Ɗan fisiyon da ya san cutar zai koya masa dabarun da suke kaman wasa amma suna aiki, in ƙafa ta liƙe kar a ja shi, ya tsaya ya karkata nauyinsa gefe ɗaya ya ƙirga ɗaya biyu ya ɗaga, ko a manna layuka a ƙasa ya dinga tsallakawa, ko ya bi sautin kiɗa, ya daina juyawa a wuri ɗaya ya dinga zagayowa, ayi atisayen a lokacin da magani ya kama. A Holan ɗin tun 2004 suka kafa wani tsari, ParkinsonNet, suka horar da ƴan fisiyo da masu gyaran magana da sauransu musamman akan cutar, dan sun gane ba kowane ƙwararre ne ya santa ba. Kuma mutum ya fi ɗorewa in tare da ƴan uwansa masu cutar yake yi, in bai zo ba a kira shi a waya. In kun san wata ƙungiya ko zama irin wannan ku haɗa mutane, abin da mara lafiya zai koya a wajen wanda ya riga shi shekara biyar ba kaɗan bane.

Zan faɗi wata magana mai ɗaci, ku yafe ni. Cutar tana daskarar da fuska, tana rage murya, tana sa amsa ta yi jinkirin fitowa. Sai kaga ma'aikaci ya yi wa Baba tambaya, kafin ya haɗa amsar an juyo gare ni, daga nan har a gama ni ake wa magana shi yana zaune a tsakiya ana cewa yana cin abinci, yana barci, kaman baya wurin. Yana ji fa, yana fahimta, fuskar ce bata nunawa. Mutumin da ake tsallake shi a maganar jikinsa ta ina zai ji cewa ragamar a hannunsa take? Dama can a waje yana fama da kallo, wani yace tsufa ne, wani ya ɗauka a buge yake, cin abinci a gaban mutane ya zama abin fargaba saboda cokali na rawa miyau na zuba, a hankali ya daina fita. Ɗan fim ɗin nan Michael J. Fox an gano masa cutar a 1991 yana shekara 29, sai 1998 ya iya faɗa wa duniya, shi da ke da kuɗi da suna kenan, balle wanda ke tsoron a sallame shi daga aiki. Wanda ke ɓoye cutarsa yana tsallake magani in yana cikin jama'a, baya riƙe sanda, baya neman taimako. Ku jira shi ya gama maganarsa ko da zai ɗau daƙiƙa goma, ku tambaye shi me ya fi damunsa, mai yiwuwa ba rawar hannun da kuke aunawa bace, so yake ya iya juyawa a gado ko ya yi magana jikokinsa su ji.

Nasan ba komai ne a hannunku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 sama da mutum miliyan 8.5 ne ke da cutar, kuma yawanta ya ninka cikin shekaru 25, likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a ƙasashe da dama ana ƙirga su da yatsu. Lebodofa da kabidofa, maganin da ake haɗa shi da shi a ƙwaya ɗaya, suna cikin jerin magungunan dole na hukumar, amma akwai wuraren da ake nemansa a rasa ko kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum, sai a dinga raba ƙwaya ana tsallake rana dan ta kai ƙarshen wata. Irin wannan mutumin ba ƙin bin ƙa'ida yayi ba. Ku tambaya a hankali ko yana iya saye, dan da kansa ba zai faɗa ba, in da mai sauƙin kuɗi ku rubuta shi, in dole sai an rage ku ku tsara yadda za a rage. Kuma muryarku ta fi tamu kaiwa sama, ku dinga faɗa wa masu sayo magani cewa wannan ba irin wanda ake bari ya yanke bane. Layin da ke ƙofarku ma muna ganinsa, shi yasa ba ƙarin awa muke roƙo ba, a samu nas guda da ta san cutar da lambar waya da za a iya kira tsakanin zuwa da zuwa, kaman yadda ake yi a Birtaniya, dan yawancin tambayoyinmu ƙanana ne, ya manta na rana ya haɗa biyu ko ya bari, ya fara ganin mutanen da babu su a ɗaki da dare mu kawo shi yanzu ko mu jira.

Mu masu jinya ma muna cikin lissafin, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Matar da ta kwana tana juya mijinta tana raka shi banɗaki, ita ma da nata hawan jinin da ciwon gwiwa, in ta faɗi duk tsarin ya faɗi. Ku dinga tambayarta ya take, tana samun barci? Wanda kuma yake zaune shi kaɗai a gida to nasa tsarin dole ya bambanta, kar a bashi irin takardar da aka ba mai iyali. Kuma da yawanmu saboda tausayi da gaggawa muna karɓe komai, mu sa masa riga mu bashi a baki mu amsa masa tambaya, har ya manta yana iyawa, wannan ma sai an ja mana kunne. Ga ɗaya gefen kuma, shekaru na tafiya tunani yana raguwa a wasu, mutumin da a da yake riƙe da maganinsa tsaf ya fara sha sau biyu ko ya ɓoye a aljihu yace ya sha. Yaushe ya kamata mu karɓi ledar daga hannunsa, yaushe za a ce ya ajiye tuƙin mota, kuma ta wace hanya za a faɗa masa ba tare da an ci masa fuska ba? Uba baya son jin wannan daga bakin ƴarsa, amma daga bakinku zai iya ji, musamman in tun yana da cikakken hankalinsa kuka zauna da shi ya faɗi yadda yake so ayi in lokacin ya zo. Dan Allah ku dinga buɗe wannan maganar da wuri, kar a bar mu da ita mu kaɗai a gida.

Na gode, Allah ya saka da alheri, a huta gajiya.

Taku,
Ƴar wani mai fama da cutar Parkinson